Haruffa Masu Takalma

Ranar wata Alhamis, a daminar shekarar da aka sa ni firamare, na tsaya bakin titin Ɗorayi ina rusa kuka, farantin gyaɗata a ƙasa ruwa na jiƙa ta. Motar masaƙar Sharaɗa ta tsaya, Baba ya sauko, burbushin auduga duk a gemunsa, ya ce wa ya taɓa ni. Na nuna masa jikin motar. Sunan kamfanin ne da jajayen haruffa, ƙatti, duk sun karkace gefe guda, ni kuwa sai a ranar na lura. Na ce faɗuwa za su yi, in kuma suka zube ta yaya zan gane motarsa? Ban iya karatu ba tukuna, motocin ma'aikata kuwa duk kamarsu ɗaya, ta Challawa, ta Bompai. Haruffan nan kaɗai ke gaya mini wadda ta ɗauko ubana.

Dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya ɗaga ni ya ɗora yatsana a gindin harafin farko, inda aka yi masa ɗan faɗi kamar takalmi. "Dubi takalmansu, Uwani. Mai irin wannan takalmi ba ya faɗuwa. Sauri suke kada su makara aiki."

Shi ke nan na kamu. In ana shara ina zana su da tsinken tsintsiya a tsakar gida, in ana wanke-wanke ina zana su da toka a bayan tukunya, har Inna ta gaji ta ce in na ƙara ɓata mata bango da gawayi zan ga takalmi na gaske. A makaranta na sha rula, Malam na cewa in miƙar da rubutuna, ni kuwa ko a jikina, sai na kwantar da su na sa musu takalma. La'asar na yi in suri faranti in tafi bakin titi, kuma kowa a gidan ya san ba ciniki ke kai ni ba.

Ina aji huɗu aka rufe masaƙar. Baba ya tafi Kudu neman aiki, saƙon rasuwarsa ne ya dawo mana, can aka binne shi. Na daɗe ina fita bakin titin ina duba jikin kowace mota, alhali na sani, wallahi na sani.

Bana da zan buɗe shagon ɗinki a hanyar Sharaɗa, ɗana ya kunna kwamfuta yana nuna mini haruffan allon shago na zamani, sirara, miƙaƙƙu, ba ko takalmi. Can ƙasa na hango irin nawa, karkatattu masu takalma. Ya ce, "Haba Mama, wannan ai tsohon yayi ne." Na ce su nake so, kuma jajaye. Yanzu suna saman ƙofata suna ta saurinsu, a titin da motar Baba ta daina bi tun tuni. Har yau in la'asar ta yi nakan tashi daga kan keken ɗinki in tsaya a ƙarƙashinsu, ko da zai zo wucewa ya gane inda nake.