Bango-Uku

Yayana mai aski ne, amma a ɗakin sunuka da na buɗe jikin shagonsa ba mai kiransa haka. Bango-Uku ake ce masa. Ba ya jefa ƙwallo rami kai tsaye, wai wannan aikin ragwaye ne. Sai ya goga alli a bakin sanda, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa ta, ya saki hannu a hankali. Ƙwallo ta bugi bangon tebur sau uku, ta gangaro ramin hagu kamar an kira ta. Daga nan fa sai wa'azi: "Kafe gwiwar hannunka! Kai wasa kake ko faskare?"

Bai tara komai a duniya ba. Wannan bugun shi ne abin tinƙahonsa.

Ni da rawar kaina na ɗauko kafinta, don an dame ni da ƙorafin ƙwallo na zamewa hagu. Ya ɗora ma'auninsa, ya daidaita ƙafafun tebur tsaf.

Da yamma Yaya ya shigo da wani baƙo da ya cika wa kunne da labari yana masa aski. Ya goga alli, ya sunkuya, ya buga. Ƙwallo ta yi zagayenta, ta wuce ramin ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sake, haka. Ya kuma, haka. Wani direba mai bakin tsiya ya bushe da dariya: "Ashe teburin ne gwani, ba kai ba!"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya jingine sanda, ya ce tafin hannunsa ne ya yi gumi, ya fita.

Washegari da safe na zo buɗewa, na tarar ƙofar da ke tsakanin shagunanmu a buɗe. Ga Yayana, mai furfura, wanda ya goya ni, durƙushe a ƙasa. Ya tallafe tebur da kafaɗa yana nishi, yana cusa kwalin reza ƙarƙashin ƙafar teburin ta dama. Kunya ta kama ni kamar ni aka kama. Na lallaɓa baya, na tsaya a waje ina tarin ƙarya har sai da na ji ya rufe ƙofarsa.

Da yamma ya buga, ta faɗa. Aka yi ta tafi. Bai yi wa kowa wa'azi ba.

Direban ya dube ni: "Oga, teburin nan ya koma zamewa fa."

Na ce, "Idonka ne ke zamewa, ɗan rainin hankali."

Kwalin yana nan har yau. Kullum in na zo shara sai in kewaye shi da tsintsiya. Rannan na ɗago, na ga Yaya a bakin ƙofa yana kallon yadda nake kewayewar. Tun daga ranar bai sake haɗa ido da ni ba.