Muryar Yayata a Teburin Mai Shayi

Ni ne na yi laifi, ba Bajamushen ba, ko da yake damina guda na bar mutanen Gwaram suna zaginsa.

Lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, ina ɗinki a Birnin Kudu, da ɗan Turancin firamare a bakina. Sai aka haɗa ni da wani dattijon Bajamushe in yi masa tafinta, aka ce babban marubuci ne a ƙasarsu, aikinsa mai da waƙoƙin wasu al'ummu zuwa Jamusanci. Waƙar niƙa yake nema, irin wadda mata ke yi a kan dutse. Na ce ai yayata ba ta da ta biyu. Tana aure a Gwaram, gidan wani malami.

Muka je Gwaram. Baƙo ba ya wuce zaure, don haka ni ya ba rikodarsa na shiga da ita. Yaya ta daɗe tana kallon akwatin.

"Wa zai ji?"

"Jamusawa kaɗai, Yaya."

"Malam fa?"

"Ko kusa."

"Bakinka rariya ne, na san ka. Rantse."

Na rantse. Ta durƙusa ta kama niƙan gero, ta yi waƙar ɗanta da ƙyanda ta kashe. A ciki har da habaici ga wanda ya hana a kai yaron asibiti.

Da na fito, Bajamushen ya tafi gaida hakimi, ya bar rikodar a hannuna. Na zauna teburin mai shayi, abokai suka taso ni a gaba.

"Tela ya zama ɗan dakon Bature. Ka ma iya kunna ta?"

Na danna. Muryar Yaya ta cika wurin, kowa ya kasa kunne. Ashe ƙanin mijinta yana ƙarshen benci. Ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya tashi.

Kafin la'asar Malam ya ce wa Yaya ta je gida sai ya neme ta. Da Baba ya titsiye ni, na ce Baturen ne ya sa ni in kunna wa jama'a. Shi kuwa Bajamushen bai yi mini faɗa ba. Ya cire faifan ya miƙo mini, ya ce in mayar wa mai shi, ba zai fassara waƙar da aka ci amanarta ba.

Yaya ta yi shuka da girbi a gidanmu. Tana zuba mini tuwo, ba ta kallon fuskata. Sai labari ya zo cewa Malam ya yanke shawarar sakinta, don yana ganin da saninta aka baza muryarta a gari.

Na hau keke na tafi Gwaram. Na same shi a zaure da ƙannensa, na cire takalmi na durƙusa. Ya amsa sallama, bai ce in zauna ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ta yarda kowa a garin nan ya ji ba, sai da ta sa na rantse. Baturen ma bai sa ni ba, ƙarya na yi masa. Ni na karya rantsuwa don kar a yi mini dariya. Ka yi mini hukuncin da ka ga dama, amma ita ka mai da ta ɗakinta. Na tuba, ka yafe mini."