Tsohon Jirgin da Zai Ɗauki Inna

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Haka ake yi a wajenmu, a Paki: uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ina yaro "kai wannan" take ce mini, da na fara tuƙa motar kaya na koma "mai mota". Ko gaishe ta na shiga, gefe take kallo tana amsawa, sai ka ce suruki ne ya zo.

Shekarar da Allah ya kira ta aikin hajji, ta bi gari gida-gida tana neman gafara, yadda kowane maniyyaci yake yi. Har matar da suka daɗe ba sa magana a kan akuya sai da ta je ta same ta. Ƙannena kuwa ɗaya bayan ɗaya ta kira su ɗaki, suka fito ido jajir. Ni kaɗai na rage. Ita kunya, ni kunya. Da na ji ta gyara murya sai in tuna ban duba ruwan mota ba. Na ce a raina, a bari sai bakin jirgi. Da na kai ta sansanin alhazai a Kaduna, masu gadi suka ce 'yan rakiya iyakarsu bakin ƙofa. Ta ɗauki jakarta ta shige cikin mata, ni kuma na juyo gida ba mu ce wa juna komai ba.

Ina Saulawa ina sauke taki, farkon damina ne, hadari ya haɗo, muna ta sauri kada ruwa ya taɓa buhunan, sai wayata ta yi ƙara. Inna ce. A lissafina ya kamata a ce tana sama.

"Mai mota, an sauko da mu."

Ta ce sun shiga sun zauna, an ɗaure musu ciki da maɗauri, jirgi ya tayar da injin, sai ya kashe. Suka sha zafi har wata tsohuwa ta suma, sannan aka ce kowa ya fito. Wai mai ne yake ɗiga a ƙarƙashin fiffike, kuma injiniya ya ce jirgin nan ba zai ɗaga ba sai an kawo wani ƙarfe daga ƙasar waje. Jirgin ma, in ji ta, tsoho ne tukuf, kujerar da ta zauna duk ta ƙoƙe. Tana magana ina jin hayaniya a bayanta, wani dattijo yana ta ihu: "A lallaɓa shi mu tafi! Wanda ya mutu a hanyar Makka ai ya dace!"

Wallahi sai da buhun da ke kafaɗata ya suɓuce. Ni za a gaya wa lallaɓawa? Aikinmu ke nan a titi. Tiyo ya fashe, a naɗe shi da robar taya. Tanki ya yi yoyo, a manna sabulu, a ce mu je a haka, Allah zai kai mu. Kuma na ga ranar da ba a kai ba: wata ranar kasuwar Makarfi mu muka riƙa tsamo mutane daga gonar rake a hanyar Kudan, motar da aka lallaɓa wa birki ce ta faɗa ciki. Tsufa ba shi ne laifi ba. Motata ta girmi babbar 'yata, amma tana zuwa ko'ina, don ba na wasa da juyen baƙin mai, kuma in ta canza murya a nan nake tsayawa. Tsohon ƙarfe kulawa yake so. Mota ma in ta gaji ka gangara gefen titi, ka sa dutse a taya, ka nemi inuwa. To a sama ina gefen titin yake?

"Inna, don girman Allah, in an ce ku hau yau, kada ki hau."

"Kai ji mini yaro! In koma Paki in ce me? Na sallami kowa, an yi mini addu'a, har kajina na rabar."

"Ni ba ki sallame ni ba."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ban taɓa yi mata irinta ba. Sai ta kashe wayar.

Na bar wa mai taki sauran buhunansa a zaure yana ta faɗa, na kama hanyar Kaduna cikin ruwa. Tun daga Ikara nake kiranta, ba ta ɗauka. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Na san mutanenmu in sun taru sun yi ca a kan mutum, sai mai ƙarfin hali yake iya cewa a'a.

Daga bakin shingen filin jirgi ana hango shi can nesa, fentinsa ya koɗe, an buɗe murfin injin, mutane a kan tsani. 'Yan rakiya irina sun taru suna ta tsaki. Wani mai babbar riga ya ce ai komai lafiya lau ne, wani ɗan taurin kai ne kawai ya ƙi yarda a tashi. Na ce, "Alhaji, uwarka tana cikin masu hawa?" Saura kaɗan mu ba hamata iska, aka shiga tsakani. Na koma gefe ina yi wa injiniyan nan addu'a, mutumin da ban taɓa gani ba: Allah ya ƙara masa taurin kai.

A mota na riƙa kwana, ina kai-kawo tsakanin sansani da shinge. Duk sanda lasifikar sansani ta yi kwarr sai in ce shi ke nan, sun karya injiniyan, za a kira su. Inna dai har yanzu ba ta ɗaukar waya. Da ƙarfen ya iso aka ɗaura, sai suka tayar da injin ba kowa a ciki, ya daɗe yana ruri, suka kashe, suka sake buɗewa, suka sake tayarwa. Mutane suna cewa ɓarnar mai. Ni kuwa na san aiki na gani. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, uwa ɗaya gare ni.

Da safen da aka sanar da tashinsu, ina tsaye a bayan shingen waya na sansani, sai ga wata mata cikin atamfar maniyyata tana bin shingen tana duba fuskoki. Inna ce. Ta kama wayar shingen da hannu biyu, ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunana. Sunana na yanka, sak, yadda liman ya faɗe shi.

"Ka yafe mini," ta ce.

Wanda yake sa ran dawowa ba ya yin haka. Na so in ƙi, don na san kalmar nan ce kaɗai ta rage da ke riƙe da ita a ƙasa. Amma wa ya isa? Na ce, "Na yafe, Inna. Ni ma ki yafe mini." Ta gyaɗa kai, ta juya.

Da jirgin ya ɗaga na karkata kunne yadda nake yi wa motata, ko zan ji wani abu ya canza murya. Ban gane komai ba. Ina kallo har gajimare ya rufe shi.

Washegari wata doguwar lamba ta kira ni. Na ɗauka.

"Kai, mai mota, mun sauka."

Na zauna a kan matakalar mota na yi ta kuka, mutane suna wucewa suna kallona. Ban taɓa jin daɗin sunan nan ba kamar ranar.