Tarin Yakaka Mai Banda

A wani ƙauyen masunta da ke kusa da Guri, tun zamanin da ake sayen kifi da kuɗin wuri kuma ba a taɓa ganin Bature a ƙasar Haɗeja ba, an yi wata mata mai suna Yakaka. Iyayenta daga Borno suka zo da ita tana goye. Sana'arta bandar kifi, a wurin uwarta ta koya.

Kowace mace a ƙauyen tana banda, amma ta Yakaka daban ce. Sauran mata a fili suke hura wuta, iska ta kwashe rabin hayaƙin. Ita kuwa ɗaki ta gina na laka, babu taga, ƙofarsa sai an sunkuya. Takan shiga da ɗanyen icen bagaruwa da busasshen kashin shanu, ta saki asabari, ta zauna a ciki tana juya tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya har su yi jawur. Fatake masu kai kifi Kano sun ce bandarta takan yi wata uku a mangala ba ta yi tsutsa ba. In ta fito, idanunta na zubar da ruwa, sai ta yi kaki baƙi ta tofar, ta kurɓi ruwa, ta koma. Shekara talatin tana haka.

Mijinta Buba masunci ne mai shiga ruwa a kan gora. Ya rasu a shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadama, bayan zazzaɓin kwana shida. 'Ya'ya biyar suka haifa, ɗaya ce ta rayu, Mairo, ita ma aure ya kai ta Kafin Hausa.

Tarin ya fara ne kamar na kowa, da sanyin safiya. Sai damina ta zo bai tafi ba. Shekara ta kewayo, ya zama in ta ɗauko tulu daga bakin kogi sai ta sauke shi sau uku kafin ta iso gida. Daga baya ta koma ɗiba da ƙwarya. Sujada ta gagare ta, domin da ta kai goshi ƙasa sai numfashi ya tsaya mata a wuya, ta koma salla a zaune. Kwanciya ma sai ta jingina da bango.

Ta sha rubutu, ta sha kunun kanwa da citta da masoro. Ranar da aka kira Shu'ibu wanzami ya yi mata ƙaho a baya, ya daɗe yana sauraron yadda ƙirjinta ke kuka kamar ana busa kara. Da ya gama ya wanke hannu, sai ya ce, "Uwar Mairo, ƙahona ba zai ciro wannan ba. Na ga irinsa wajen wani maƙeri a Haɗeja, na kuma gani wajen mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Hayaƙin ɗakin can ne."

"Iyata tsufa ne ya kashe ta," in ji Yakaka.

"Ba ta kai shekarunki na yanzu ba."

Ta ce, "To in na bari, me zan ci?"

Shu'ibu ya tattara kayansa ya yi mata sallama.

Ba ita ta bar bandar ba, masu saye ne suka bar ta. Magana ta bazu cewa tarin nata irin mai kama mutane ne. Masunta suka daina kawo mata kifi. Fatake suka riƙa wuce ƙofarta suna gaisuwa daga nesa. A wani gidan suna aka ware mata ƙwaryarta, ta ga an ɗauke ta da kara bayan ta gama ci. Daga ranar ba ta sake zuwa taron kowa ba.

Maƙwabciyarta 'Yar'azumi ce kaɗai ba ta yanke ba. Kullum da la'asar takan ajiye tuwo a bakin dangar gidan, ta ja da baya.

"Iya Yakaka, ga tuwo nan."

"Shigo mana, ki zauna ko kaɗan."

"Na bar tukunya a kan wuta, Iya."

Kullum da tukunya a kan wuta. Yakaka ba ta riƙe ta a zuciya ba, ta san tana da goyo. Sai dai akan yi kwana uku ba ta yi wata magana da mutum ba ban da wannan. Takan zauna a inuwar goruba tana kallon masunta suna wucewa da gorunansu a ka, tana kiran sunayensu a ranta.

Da labari ya kai Kafin Hausa, Mairo ta zo da jaki. Ta tarar da uwarta ta rame, ƙafafunta sun kumbura, leɓɓanta sun yi duhu. Ta durƙusa tana kuka.

"Iya, me ya hana ki aiko?"

"Wa zan aika?" in ji Yakaka.

Kwana uku suka yi a hanya, saboda kowane ɗan taƙi sai an sauke ta ta huta. Surukinta, mijin Mairo, mutumin kirki ne. Ya yi mata bukka a ƙarshen gida, nesa da madafa, domin ko hayaƙin girki ya taɓa ta sai ta wuni tana haki. A can tarin ya ɗan lafa, amma numfashin bai dawo ba. Mairo tana da surfe da daka da 'ya'ya huɗu, takan leƙo safe da yamma. Jikokin kuwa Yakaka da kanta ta ce kada a bari su shigo mata. Shu'ibu ya ce hayaƙi ne, mutanen ƙauye sun ce ana ɗauka, ita ba ta san mai gaskiya ba, kuma ba ta so ta gwada a kan jininta. Takan ji dariyarsu ta bayan zana. Hannunta dai da sauran ƙarfi, sai ta kama saƙar faifai da kaba, Mairo tana kai mata kasuwa.

A shekararta ta huɗu a can, wata ranar kasuwa, wata Babarbariya mai tallar turaren wuta ta shigo gidan, sunanta Yagana. Ta hango tsohuwa a ƙofar bukka, ta dubi zanen fuskarta, ta gaishe ta da Barbarci. Yakaka ta saki faifan da ke hannunta. Rabonta da jin harshen tun rasuwar uwarta.

Mairo ta ce, "Baiwar Allah, kada ki matsa, tana da tari."

"Ni ma ina da nawa," in ji Yagana, ta zauna a tabarmar har gwiwarsu na taɓa juna.

Sun yi hira tun hantsi har la'asar. Yakaka takan faɗi kalma huɗu ta tsaya ta nemi numfashi, Yagana ta jira ta. Sun yi zancen miyar da iyayensu ke yi, da kitson da aka daina. Yagana ta so ta ƙona mata turare kyauta, Yakaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ta gode, hayaƙin da ta sha ya ishe ta. Mairo ta ce ba ta taɓa jin uwarta ta yi magana mai yawa haka ba.

Da za ta tafi, Yagana ta ce in Allah ya kai rai za ta biyo da rani mai zuwa. Da ranin ya zo, kowace ranar kasuwa Yakaka takan sa a shimfiɗa mata tabarma inda za ta riƙa hango ƙofar gida. Ba ta zo ba, kuma ba wanda ya san garinsu balle a tambaya.

Yakaka ta rasu da farkon damina ta gaba, da hantsi, tana jingine da bango. Mairo tana wajen daka, sai da ta kawo mata kunu ta gane.