Ranar da Ummu Ra'fat Ta Hana Tasnim Kyautarta

Shekara goma sha tara Ummu Ra'fat ta yi tana tsaron shagon wata firamaren 'yan mata a garin Damanhur. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a Kuwaiti. A makarantar, duk yarinyar da ta cinye jarrabawar mako malamarta kan ba ta wata 'yar jar takarda, ta kawo tagar shago a musanya mata da cakulan da soyayyen dankalin leda da lemon kwalba.

Babu mai kawo takarda kamar Tasnim 'yar aji huɗu, wani makon har uku.

Bayan hutu Ummu Ra'fat ta lura yarinyar tana ramewa, alhali ci take yi. Daga taga ana hango famfo. Tasnim ta sha ruwa, ta shiga banɗaki, ta fito ta sake kafa baki. Tsohuwar ta san wannan alamar. Haka ƙanwarta Ni'imat ta fara a ƙauye, kafin wata uku aka binne ta. Sai daga baya aka ce ciwon sukari ne.

Kwana tara abin yana cin ta. In ta yi magana kuma ba haka ba ne, a ce ta yi wa 'yar mutane mugun baki, wataƙila ma a karɓe shagon. Haka ta ci gaba da miƙa wa Tasnim kwalbar lemo.

Ranar Alhamis yarinyar ta kawo takarda.

"Yau babu, 'yata."

"Ga shi can ina gani, Inna."

"Na ce babu."

Tasnim ta tafi da kuka. Kafin a tashi shugabar makaranta, Abla Sana'u, ta kira Ummu Ra'fat ofis. Mahaifin yarinyar, Usta Magdi bakanike, yana tsaye hannu duk baƙin mai. Ummu Ra'fat ta faɗi ciwon da take zargi.

Shugaba ta ce, "Yaushe kika zama likita? Ke da ko sunan maganin hawan jininki ba ki iya karantawa?"

Tsohuwar ta dubi uban. "Usta, ka kai ta a gwada jininta. In ƙarya nake yi, dawo ka zage ni gaban yara."

Ya ja 'yarsa suka fita.

Lahadi da aka koma makaranta babu Tasnim, Litinin ma haka. Ummu Ra'fat ta kasa cin abinci, kuma ta kasa tambayar kowa. Ranar Laraba Usta Magdi ya tsaya a taga, idonsa a ƙasa.

"Tana asibiti. Likita ya ce da mun ƙara mako ɗaya..."

Makaranta ba ta daina raba jar takarda ba, shugaba ta ce iyaye suna so. Tasnim ta dawo da allura a jakarta, ita kaɗai ake ba fensir a madadin kayan zaƙi. Ranar farko ta karɓa ba ta gaida Ummu Ra'fat ba, ta ce, "Duk ke kika jawo min allurar nan, Inna."