Na je Sakkwato wanke sunana

Mun tashi daga Gusau ana sallame sallar asuba, ni da wani aminina da na ɗauka a matsayin shaida. Dalilin tafiyar shi ne, wani tsohon lauyan gwamnati da ke Sakkwato, wanda ya yi shekara da shekaru yana gurfanar da ɓarayi gaban alƙali, ya aje aiki ya koma rubuta littattafan 'yan sanda da ɓarayi. An ce ya ji labarin wani mai gabatar da ƙara a Italiya da ya yi haka, shi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Sau ɗaya muka zauna da shi a wajen wani biki. Sai ga sabon littafinsa da dillalin albasa mai giɓi, mai tumbi, mai dariyar da ake ji daga wata unguwa, ana zarginsa da sace tirela. Ni ke nan sak. A kasuwa yanzu "Mai Tirela" ake ce mini, har surukina ya fara gaishe ni da hannu a aljihu.

Hanya kam, akwai ramin da in mota ta shiga sai an yi mata addu'a ta fito. A Talata Mafara muka karya da hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da shayi. Hocen ya yi tsada, ya kuma rame. Muka shiga Sakkwato rana na dafa ƙwai a aljihu, ɗan kabu-kabu ya kai mu unguwar Gidan Igwai, inda lauyan yake zaune.

Mutumin ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Bai bari na gama ƙorafi ba, aikin da ya saba ya motsa.

"Alhaji, kai da kanka ka karanta littahin?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Hak ƙarshe?"

Na duba shaidata, ya duƙufa kan fura.

"To, ina kat tsaya?"

Na ce inda aka kama ni. Ya buɗe babin ƙarshe ya miƙo mini. Ashe mai giɓin ne ya tona ɓarayin, har alƙali ya ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Na sayi kwafi cike da jaka, muka iso Gusau kafin magariba. Kowane mai tsokanata na ba shi ɗaya, na naɗe masa shafin ƙarshe, na surukina kuma da kaina na karanta masa. Abin da na koyo: kafin ka ƙona man fetur zuwa Sakkwato, ƙarasa karatu. Sunan dai bai goge ba, amma yanzu in an kira ina amsawa.