Wa ya buɗe shafin gidanmu?

Jama'a, ku ji abin da na tarar yau!

Shafin intanet na zuriyarmu da na gina, mai littattafan kakanmu da hotunan 'yan gida, na shiga babu lambar sirri. Ya buɗe! Manhajar gwajin tsaro da na rubuta don kama irin wannan kuwa, wai komai lafiya. Ashe ita ma an taɓa ta. Ban da ni, Sagir ɗan baffana ne kaɗai ke iyawa.

Na kira shi. Ya ce, "Baba ne ya sa ni, wai ba a kulle zauren ilimi."

Na garzaya gidan Baffa a Ƙofar Gayan. Baffa ya ce, "Wane shafi?"

Yanzu wayar Sagir a kashe take. Hoton ƙanwata Hauwa kuma, bayanan shafin sun nuna tun shekaranjiya wani ke ta buɗe shi!